Walda a Ƙofar Ruwa

Shekara talatin da biyar ina amsa lamba.
Ran da na miƙa bindiga a ma'ajiyar Bukabu
magatakarda ko ɗago kai bai yi ba.
Ya ce, "Sa hannu nan, Sajan Manjo Tanimu."
Na sa.
Kafaɗata ta dama ta yi sakayau,
har bakin get a karkace na riƙa tafiya.

Wata shida aka zaunar da mu a Ikko,
masu furfura a kan benci kamar 'yan aji ɗaya.
Wani ya ɗauki kiwon kifi, wani haɗa sabulu,
Kofur Barnabas ya ce shi burodi zai gasa a garinsu.
Ni na ɗauki walda.
Malamin sa'an ɗana ne,
yakan riƙe min tsintsiyar hannu ya ce,
"Baba, a hankali,
ƙarfen nan ba abokin gaba ba ne."

Suka ba ni takarda mai hatimi,
da inji a kwali, da baƙin gilashi.
Garatuti kuwa da rarrafe ya taho.
Sai da Hansatu ta sayar da keken ɗinkinta
muka kama rumfa a Ƙofar Ruwa,
tsakanin mai rodi da wani mai shayi ɗan Gezawa.

Nan ba a busa begila.
Har yau ƙarfe huɗu idona ke buɗewa,
in goge takalmin da ba mai dubawa.
Yarona Ɗanliti ya iso tara saura kwata
yana tauna rake.
Na daka masa tsawar fareti,
ya washe baki, wai adaidaita ce ta yi faci.
Da a bariki ne, da tsallen kwaɗo zai kai Kurna.
Nan kuwa guduma na miƙa masa.

Ciniki ne ya fi ba ni kashi.
Mu umarni muka sani: an ce, an yi.
Alhaji Gwadabe ya taya ƙofa rabin kuɗinta,
na ƙame, na ce maganata ɗaya ce.
Ya kaɗa riga ya tafi.
Mai shayi ya ce, "Baba Soja, Kano ce fa.
Ka ce albarka, ka tambayi iyali,
ka raka shi taku uku, zai juyo."
Na koya, yadda na koyi hagu-dama a Zariya.

Wata Laraba taya ta fashe a titin Katsina.
Na tsinci kaina rub-da-ciki ƙarƙashin tebur,
hannuna na laluben abin da na baro a Bukabu.
Layinmu ya yi tsit.
Ɗanliti bai yi dariya ba.
Ya kakkaɓe min riga,
ya ce, "Oga, an kawo wuta,"
ya miƙo gilashi.

In tartsatsi ya tashi nakan ga wani dare
a bakin tafki, mu tara a rami,
da Iliya ɗan Zuru da ya ari tocilata
bai dawo ba.
Sai in danne numfashi, in ci gaba da ɗinke ƙarfen.

Jiya da yamma na ratsa Rijiyar Lemo,
na ƙirga get bakwai da suka fito daga hannuna.
Mutane na barci a bayansu,
ba su san sunana ba.
Da ma can ba su sani ba.

Litinin akwai tantance 'yan fansho,
layi tun asuba, a tabbatar muna da rai.
Da babbar riga zan je.
Na ba Ɗanliti makulli, na ce ƙarfe bakwai.
Ya ƙame, ya sara min da hannun hagu.
Ban gyara masa ba.