Hayaƙin Baba

A Bawku ba wanda ya taɓa tambayar ta numfashinta.
In ta yi tari da asuba, sai a ce Malam Zakari ya fito.
In ta bar baƙin gajimare a bakin kasuwa,
masu albasa su kaɗa hannu, ciniki ya ci gaba.
Shekara ashirin da bakwai tana haka.

Sai aiki ya ɗauko ni ya dire a Kumasi,
ni da Safura, da Inna, da katifa biyu a kan rufi,
da Fijon da Baba ya bari,
wadda ranar rabon gado kowa ya kau da kai.

Takardarta ta mutu ran Laraba.
Gidan awon mota, layi har bakin kwalta.
Wani yaro, ko gemu bai tsiro ba,
ya zura mata ƙarfe a salansa ba ko sallama.
Ya ce in taka. Na taka.
Allo ya yi ja.
Mai abarba a bayan shinge ta toshe hanci da haɓar zani.
Ya ce, Kawu, wannan mota ce ko murhun banda?

Wani ya raɓo ni, murya ƙasa-ƙasa,
wai akwai hanya, sidi kaza, ba sai ta sake shiga ba.
Na taɓa aljihu. Ba zan ɓoye ba, na taɓa.
Kuɗin ne bai kai ba,
kada in yi wa kaina kirarin waliyyi.

Suwame, inda ƙarfe ke kwana yana kuka.
Masta Boakye ya kara kunne a jikinta, ya lumshe ido,
yaronsa Alidu yana juya mini magana:
ringi ya cinye, kafireta ta ƙoshi da ƙasar arewa,
fulogi biyu sun rasu tun tuni,
sauran biyun ne ke riƙe da gida.
Na ce na san irin wannan gidan.

Kwana tara tana can, ciki a buɗe.
Kwana tara ina torotoro, gwiwa a haɓa.
Safura ta kwashe adashinta, ba ta ce uffan ba,
shirun ya fi kuɗin tsada.

Ran komawa Alidu ya ce, kada ka kai ta da sanyin jiki,
bi hanyar Ejisu, ba ta wuta,
tsohuwa sai ta yi gumi muryarta ke washewa.
Na bi. Na ba ta. Ta karɓa.

Yaron nan dai, ƙarfen nan dai.
Na taka ina karanta duk abin da ya zo bakina.
Kore.
Ya manna takarda a gilashi,
ko kallona bai yi ba, ya ce na gaba.

Na iso Aboabo ruwa ya ɗauke.
Inna na baranda tana tsintar wake.
Na tsaya, na kashe, na rufe ƙofa,
ba ta ɗago ba.
Sai da na yi sallama ta zabura:
yaushe ka shigo?

Ta ce, da can tun daga kan kwana nake jin ƙaurin,
in tashi in ɗora ruwan shayi,
kafin babanku ya cire takalmi ya tafasa.

Ta sauko a hankali, ta zagaya bayan motar,
ta sunkuya, ta shaƙa.
Ta ƙara shaƙa.
Ta ce, to, madalla, ta warke.
Ta koma kan wakenta.

Tsohuwar kafiretar tana but, a cikin baƙar leda.
Boakye ya ce in jefar.
Yau wata huɗu.