Famfon da Na Zana

Ni mai fenti ne, a Zango nake,
kan hanyar da ke gangarawa kasuwar Dole.
Kawunan aski nake zanawa, da kwalbar lemo,
da kaza mai murmushi don mai gasa kaji.
Na san abin da layi ɗaya ke iyawa:
ƙara wa hanci tsawo kaɗan,
mutum ya shekara bai gaishe ka ba.

Da labari ya zo cewa a can ƙetare
wani ya sa alƙalami ya taɓa Manzo,
tsira da aminci su tabbata gare shi,
buroshi ya suɓuce daga hannuna.
Ban ga zanen ba, har yau ban nema ba,
amma na ji shi a ƙirji
kamar an zagi uwata a gaban 'ya'yana.
Sun ce 'yanci ne. To, na ji.
Wane irin 'yanci ne bai san bambanci ba
tsakanin tsokanar mai mulki da taka zuciyar talaka?

Fushin nan nawa ne, halal ɗina, ban sayar ba.
Sai dai daren Alhamis na ga masu saye.
Farar mota mai baƙin gilashi
ta tsaya bayan fadar samari,
aka sauke jarka huɗu, aka ƙirga jaka-jaka.
Mu da muka yi sati uku muna bin 'yan garuwa,
ga fetur har ƙofa, kyauta.

Juma'a, ana sallamewa,
hayaƙi ya riga addu'a hawa sama.
Kwajo tela, mutumin Togo,
da ke ara mini tsani shekara goma sha ɗaya,
ko sunan jaridar bai sani ba.
Kekensa ya ƙone da rigar wani a bakin allura.
Ɗakin karatun da Zuwaira ke aron littafi
ya tashi toka, haruffa na yawo a iska.
Ta tsinci rabin shafi a kwata,
ta zo tana tambayata ƙarshen labarin.
Illiyasu ɗan kabu-kabu bai dawo gida ba,
uwarsa har yanzu tana goge babur ɗin da safe.
Mai zanen kuwa yana can garinsu,
ko tarin hayaƙinmu bai yi ba.

Wanda nake fushi dominsa,
an jefe shi a Ɗa'ifa har jini ya jiƙa takalminsa,
bai yarda a kife musu duwatsu ba.
Nakan tuna haka in na dubi duwatsun Birni,
sai kunya ta kama ni.

Da zaɓe ya matso,
farar motar ta tsaya a ƙofata.
"Malam Ɗan'azumi, ka zana ni babba,
ka rage tumbin, ka ƙara wa goshi haske,
a ƙasa ka rubuta Garkuwar Addini."
Na dubi goshin.
Na ce fenti ya ƙare.

Da dare na ɗauki ragowar baƙi
na je bangon da ke kallon tasha,
na zana famfo busasshe,
ƙadangare na barci a bakinsa,
mata a jere da bokiti har kusurwa,
can gefe yaro na wanke mota da tiyo.
Ban sa suna ba, ban sa fuska ba.
Kafin azahar an shafe shi da farar ƙasa,
kafin la'asar ina kan bencin jandarma
ana tambayata wa ya sa ni.
Na ce ƙishirwa.

Ba wanda ya fito titi don famfona,
ni ma ban so a fito ba.
Kwana biyu aka sake ni, Zuwaira ta kawo fura.

Kwajo ya tafi, bai yi sallama ba.
Tsaninsa na nan jingine a zaurena,
ban san inda zan mayar da shi ba.