Jan da Ba na Goro Ba

Shekara uku ina wanke rigar matashin Jatau,
kullum da ɗigon ja a gefen da yake kwana.
Na ce goro ne.
Shi ma ya ce goro ne,
mutumin da ba ya taka keken ɗinki
sai da ɓari a kunci.

Da asuba yakan tsuguna bakin rariya da asuwaki,
ya tofar, ya kau da kai,
ya bi da ruwan buta da sauri
kamar mai binne sirri.
Haƙorin ƙasa ya fara girgiɗi,
ya daina taɓa kilishi,
wai tsufa ne ke sallama.

Ran Laraba a kasuwar Garwa
ya saɓo bandir guda na shadda.
Taku ashirin bai cika ba
ya zauna a ƙasa, hannu a ƙirji,
gumi kamar an tsamo shi daga Binuwai.

A asibiti likitar ta saurari bugun, ta daɗe,
sannan ta ce, "Baba, buɗe baki."
Na ji haushi.
Ina ruwan biri da gada?
Ta haska 'yar fitila, ta yafito ni.
Dasashi ya kumbura, ya janye daga haƙora
kamar ruwa daga gaɓa da rani.

Ta ce, "Ban ce wannan kaɗai ya kayar da shi ba.
Akwai hawan jini, akwai shekaru.
Amma baki ƙofar gida ne, Iya.
In ƙofa ta ruɓe, cuta ba ta sallama,
jini na iya goya ta har ƙuryar ɗaki."

Yau wata biyar.
Sefa nawa suka tafi, ban ƙirga ba.
An cire biyu, an kankare sauran.
Ƙwaya uku da safe, ɗaya da dare.
Ya koma kan kekensa, a hankali.

Ni kuwa na zama mai gadin rariya,
in ya tofar sai na leƙa
kafin buta ta iso.
Yakan yi dariya da giɓinsa,
ya ce, "Dije, shekara talatin
kina neman hanyar zuciyata,
ashe ta nan take."

Jiya na shanya rigar matashin.
Fara sol.
Na tsaya ina kallonta
har tuwona ya fara ƙauri.