Matar da Ta Riƙe Mini Baya

Inna ba ta samu biza ba.
Sau biyu ta je Abuja, ta koma Malumfashi
da takarda guda da ciwon gwiwa.
Ƙunshin kanwar da ta ɗaure mini
yana can ƙarƙashin gadonta.

Ni kuwa ina Sheffield da ciki wata takwas,
ina hawan tudun unguwarmu kamar mai ɗauke da tulu,
duk fitilar titi sai na dafa ta na huta.

Dula suke ce wa irinki a nan.
Na ce, ungozoma ce? Aka ce a'a,
ba ta yankan cibi, ba ta yin allura.
To me take yi?
Aka ce zama.
Na yi dariya, Marva, ki yafe mini.
Ban san zama ma aiki ba ne.

Daren Laraba faya ta fashe,
Lurwanu yana can wurin aikin dare, waya a kulle cikin akwati.
Kafin ruwan shayi ya tafasa kin iso,
rigar ruwanki tana ɗiga a bakin ƙofa.
Kika miƙo mini mataji na roba,
kika ce idan ta taso in damƙe haƙoransa a tafin hannu.
Na damƙe.
Har yau akwai wurin da nake jin su.

A asibiti Turancina ya gudu ya bar ni.
Likita tana zuba magana kamar ruwan kwata,
idonta a kanki, ke da kike tsaye.
Kika ja da baya taku ɗaya:
ita za ki tambaya, a hankali, tana ji.
Aka tambaye ni.
Na ce a ɗan jira. Aka jira.

Sa'a goma sha ɗaya
tafin hannunki yana kan ƙuguna,
kina dannawa daidai inda ƙashi ke neman rabuwa.
Na kira Inna, na kira Allah,
na zagi Lurwanu da ya shigo a guje da takalmin aiki.
Kalma ɗaya kika iya cikin harshena,
kina ɗaga ta inda ake sauke ta:
sannu, sannu, sannu.
Ban gyara miki ba.

Da asuba ta faɗo, da gashi cunkus,
ubanta ya yi mata huɗuba yana rawar murya,
ke kuma kika juya kina naɗe tawul ɗin da ba ya bukatar naɗi.

Rana ta uku nono ya kawo, kuka ma ya kawo.
Na zauna a ƙasan kicin ban san dalili ba.
Ba ki ce in yi haƙuri ba.
Kika zauna, gwiwoyinki suna ƙara,
kika karɓe ta na yi barcin sa'a biyu.

Na farka na ji muryar Inna cikin waya
tana faɗa da Hausa, ke kina amsawa da kai,
muciya a hannunki, gasara tana kumbura.
Kanwa daga shagon 'yan Gana,
busasshen darbejiya daga shagon Indiyawa.
Tururin wankan jego ya tada ƙararrawar gobara,
maƙwabcin sama ya sauko da silifa ɗaya.
Kunun ya yi gudaji.
Na shanye, na lashe ludayi.

Ranar suna mu bakwai ne a falo har da Ramlatu.
Inna ta ce in tambaye ki ke 'yar wace ce.
Kika ce mahaifiyarki ta haife ki a garin nan
tana nesa da tata uwar, babu kowa a ɗakin
sai agogon bango.

Mako biyu, kika tafi wurin wata.
Kin manta matajin a kan taga,
ko kuwa barinsa kika yi.
Da shi nake taje mata kai.