Kwana Uku Ina Jiran Duhu

Ta hau bene uku rungume da ita
kamar mai kai jinjiri asibiti.
Doña Hermelinda, daga Rímac,
tsohuwar tela, numfashi sama-sama.
Ta ce, "Haskenta ke ɗaukewa.
Ina tsakiyar hira da 'yata ta Turin
sai allo ya yi baƙi ƙirin.
Murya na nan, fuska babu."

Na kunna. Ta kawo tar.
Na rufe, na buɗe. Tar.
Ciwon da ya san ƙofar likita
a kan matakala yake warkewa.
Na ce ta bar mini ita.

Ranar farko waya na zarga,
siririyar nan mai ratsa gaɓar murfi,
wadda buɗewa da rufewa ke ci a hankali
yadda igiya ke cin bakin rijiya.
Na lanƙwasa murfin ya fi sau ɗari,
kwata, rabi, har ya kusa kwanciya.
Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Rana ta biyu na kwance ƙusoshi sha ɗaya,
na tara su a murfin gwangwanin kofi.
Nicanor, yaron shagona, ya riƙe mita.
Na bi fis, na bi dalma ɗigo-ɗigo,
na hura mata zafi, na bari ta huce,
ko da tsagar da ba ta buɗe baki
sai jiki ya ɗumama.
Lamba ba ta motsa ba.
Ta taga, saman Lima ya yi toka-toka,
tumbin jaki, in ji mutanen gari.
An ce rana na can baya tun watan Yuni.

Nicanor ya ce, "In duhun ya zo fa?"
Na ce, ka ɗauki tocila,
ka haska allon a karkace, ka matso da ido.
In ka ga inuwar haruffa,
to hoto na da rai, fitilar baya ce ta yi yaji.
Ya ajiye tocila kusa da hannu.
Muka zauna.

Rana ta uku ma muka zauna.
Motocin Titin Wilson na ta ƙaho a ƙasa,
shayi ya huce sau biyu,
ita kuwa sai haske take, ba kunya.

Da ta dawo na ce, "Uwa, ba sisi.
Na nema, ban samu ba."
Ba ta ce komai ba. Ta ja kujera,
ta gyara tabarau,
ta ɗora hannun hagu gefen madannai.

Ɗif.

Ta ɗaga hannun ta kama baki.
Haske ya dawo.
Ta mayar. Ɗif.
Nicanor ya saki tocilar ta gangara ƙarƙashin tebur.

Munduwa ce ta jan ƙarfe,
da ƙwayoyin maganaɗisu shida a cikinta,
wai maganin ciwon gaɓɓai.
Na ce, nan ƙarƙashin tafinki akwai ɗan kunne
wanda ba ya jin komai sai maganaɗisu.
Da ya ji, sai ya ɗauka an rufe murfi,
ya kashe fitila, ya ce dare ya yi.

Ta daɗe tana juya ta a wuyan hannu.
"Ceferino ya saya mini.
Shekara shida ke nan da binne shi,
ban taɓa cire ta ba."

Na ce, ba sai kin cire ba.
Mayar da ita hannun dama.

Sai ta yi dariya har da share ido:
"Dama can haka yake.
Ba ya bari in gama magana da yarinyar nan."

Ta bar mana dafaffiyar masara biyu da cuku,
ta sauka a hankali, tana kama bango.
Da yamma, wajen shara,
muka ga ƙusa ɗaya ta rage a murfin gwangwani.