Gurbin da Na'ura Ta Manta

Ranar Litinin na liƙa takarda a bangon ofis,
nan Ijora, gindin gada, inda tireloli ke kwana a layi:
daga watan gobe babu kundi, babu biro,
kowane lodi ta waya zai shiga.
Na sa hannu, na buga hatimi.
Kafin la'asar ruwan Legas ya same ta,
tawada ta gangaro kamar kwalli a idon mai kuka.

Ba wanda ya ce mini a'a.
Da sun faɗa, da na san inda zan taka.
"To, Manaja," kawai,
irin to ɗin da ake yi wa yaro in ya tashi wa'azi.
Sai mantuwa ta kama direbobi:
wannan caji ya ƙare, wancan sabis ya ɗauke a Apapa,
Gambo ya ce yatsansa ya fi ƙarfin gilashi.
Malam Tanimu kuwa,
shekara ashirin da shida yana cika kundi yana sakewa,
ya kwantar da sabuwar na'urar a tebur,
ya ɗora mata kofin shayinsa.

Na kira taro. Na zana kibiya tana hawa sama.
Na ce riba, na ce zamani, na ce na Ikeja sun bar mu a baya.
Fanka na juyi, kawuna na gyaɗawa.
A bakin ƙofa Madam Folashade ta sashen kuɗi ta raɗa mini:
"Kiɗa kake ta yi, ba ka dubi ƙafar masu rawa ba."

Daren nan cunkoso ya hana ni gida.
Na juyo ofis, na tarar da fitilarsa a kunne.
Na zauna a benci, na bar kujerata.
Na ce, Malam, me ke cikin kundin nan da ban gani ba?

Ya tsallake layukan lissafi,
ya nuna gefen shafi, inda ajami ya ƙanƙance:
"Bala ɗan Ringim, matarsa na asibiti, kar a tura shi nesa."
"Alhajin Agege yana jinkiri, amma kobo bai taɓa maƙalewa ba."
"Mota ta bakwai tana tari in ta hau gadar Eko."
Ya ce, "Na duba na'urarka ciki da bai.
Ga gurbin nauyi, ga na kuɗi, ga na lokaci.
Ina na wannan?
Ba koyo nake gudu ba, yaro.
Ina gudun ranar da za a tura Bala Fatakwal
don allo ya ce shi ne a layi."

Na yi shiru. Can tasha jirgin ruwa ya yi kuka.

Da safe na kira Okwudili mai haɗa manhaja,
na ce a buɗe gurbi ɗaya, kar a sa masa iyaka.
Ya tambayi suna. Na ce Malam ne zai raɗa.
Malam ya ce a kira shi Gefe.

Ba a rana ɗaya aka sauko ba.
Gambo dai ya tafi, yana ja wa wasu a Oshodi,
in mun haɗu a hanya da hon yake gaishe ni.
Sauran suka biyo ɗaya-ɗaya,
kamar masu tsallake kwata da damina,
kowa na kallon inda na gaba ya sa ƙafa.
Na gaban kuwa Tanimu ne,
tabarau a kan hanci, yatsa guda,
yana yi wa allon faɗa da Fulatancin kakarsa.

Kundin na nan cikin durowa.
Ban ce a ƙona ba, bai ce a ɗauko ba.
Jiya na ci karo da sunana a Gefe:
"Manaja na da gaggawa,
amma yana jin magana in an bar shi ya huce."
Ban goge ba.