Hular Koci

Ni ke zuba farar ƙasa a filin ƙwallon Garwa,
tun kafin gari ya waye nake jan igiya.
Ba mai tambayar mai layi abin da ya gani,
shi ya sa na ga komai.

In Koci Hamajoda ya taɓa hula, a buga kwana gajere;
in ya ja kunnen hagu, lamba tara ya zame baya.
Wata huɗu ana atisaye ƙofa a kulle,
ashe bisa tankin ruwan makaranta
akwai yaro rub da ciki da wayar aro,
rana na gasa masa ƙeya a kan sefa dubu biyu.

Ran Lahadi baƙin Marwa suka karance mu tas.
Uku da nema.

Litinin rediyo ta kama da wuta.
"Cin amana!" in ji mai sharhi, sau tara, na ƙirga,
tsakani yana tallan maganin basir.
Wata jarida ta buga hoton tanki,
ba namu ba ne, namu ko tsani ba shi da shi.

Shugaban wani kulob na Ngaundare ya tsaya gaban kyamara,
riga ta sha guga,
ya ce a ƙwace maki, a kore su har abada,
wai ƙwallo tarbiyya ce.
A talabijin ɗin Jingi mai shayi na gan shi,
shayi ya sarƙe ni.
Bara shi ya biyo ni bayan raga,
ya cusa min dubu biyar:
"Baba, in ya taɓa hula, me ke nan?"
Na karɓa. Na ce zafi yake ji.

'Yan Gidar sun ce kowa na yi, wanda aka kama ne ɓarawo.
'Yan Kuseri ba su ce uffan ba,
cikin dare suka sauya alamunsu.

Yaron, Sali ne sunansa.
Kwana biyu a hannun jandarma,
mai waya ya karɓe abarsa,
dubu ɗaya aka ba shi kafin alƙalami, ciko har yau.
Ba gidan rediyon da ya neme shi.

Yanzu koci na zuwa kai ba hula,
hannu a aljihu kamar mai zaman makoki,
yara na waigensa, ba abin karantawa.

Gobe ma akwai wasa.
Iskar Binuwai ta share layin gefe,
bari in ɗauko igiyata.